Fiyano ya ci kasuwar biki, amma har yau bai iya maganar kalangu ba

Da zarar gero ya shiga rumbu, an roro wake, an fara sussukar dawa, sai kakar bukukuwa ta kama a ƙauyukan arewacin Kano. Daga Ɗambatta zuwa Makoɗa, daga Kunchi zuwa Tsanyawa da Bichi, da wuya Juma'a ko Asabar ta wuce ba a ɗaura aure a wani gida ba. Yanki ne da gari ke hango gari, gona ke jingine da gona, babu wani dajin a-zo-a-gani a tsakani. Duk kiɗan da aka tayar a wannan unguwa sai an ji shi a ta gaba.

Abin da kunne ke ji yanzu kuwa kusan iri ɗaya ne. Da la'asar sakaliya za a ga babur ko A Daidaita Sahu ya shigo da manyan sifiku biyu, da ƙaramin janareta, da wani matashi riƙe da kwamfuta, ko ma waya kawai. Shi ne DJ. Kafin magariba ya gama jone-jonensa, ya saki waƙar Ado Gwanja ko ta Hamisu Breaker ko ta Umar M. Shareef, 'yan mata su cika fili. Mai kalangun garin, wanda ubansa ya yi wa uwar amarya kiɗa ranar nata bikin, in ma an tuna da shi, to gayyatar cin shinkafa ce.

Kiɗan da ke fita daga waɗannan sifiku ba a ƙauyen aka yi shi ba, kuma babu hannun da ya bugi fata. A wani ɗan ɗaki aka haɗa shi, a birnin Kano ko Kaduna, da na'urar da kowa ke kira fiyano.

A ƙasashen Turai da Amurka mawaƙa kan yi ta musu a kan na'urar da ta fi kwanta musu a rai, kamar yadda manoma ke musu a kan irin gero. Sunayen da ke fitowa ba su cika canjawa ba. Akwai TR-808, na'urar ganga da kamfanin Roland na Japan ya fitar a 1980. Akwai DX7 ta Yamaha ta 1983, wadda sautinta ya cika waƙoƙin Turawa na wancan zamani. Akwai MPC60 ta kamfanin Akai ta 1988, mai naɗar ɗan guntun sauti ta ajiye, mai ita ya riƙa danna maɓalli yana maimaita shi yadda ya ga dama.

A ƙasar Hausa wannan musu ba ya tsawo. Duk wanda ya leƙa situdiyon Kano tun ƙarshen shekarun 1990 ya san amsar: fiyanon Yamaha, jerin da ake kira PSR. Shi ne uwa shi ne uba. A kansa aka gina waƙoƙin fim, da na siyasa, da na biki, da kaso mai yawa na bege. Ko yanzu da kwamfuta da manhajar FL Studio suka karɓi rabin aikin, kunnen da fiyano ya horar ne ke zaɓar sautin.

Zagin fiyano ba shi da amfani, ya riga ya zama ɗan gida. Abin damuwar shi ne abin da babu a cikinsa. An kusa shekara talatin ana kiɗan Hausa da na'urar da ba ta ɗauke da muryar gangar Hausa, alhali masu riƙe da wannan murya suna tsufa a ƙauyuka, kuma babu wani sanannen rumbu da aka adana bugunsu a ciki, balle a yi maganar biyansu.

Mai araha ce ke juya kiɗa

Tarihin waɗannan na'urori yana da wani abin mamaki: wadda aka raina ita ke cin kasuwa. TR-808 ba ta karɓu ba lokacin da ta fito, domin masu kiɗa sun ce gangarta ba ta kama da gangar gaske. Guda wajen 12,000 kawai aka ƙera, zuwa 1983 an daina. Da ta faɗi a kasuwar 'yan gwanjo sai matasan baƙar fata na Amurka, waɗanda ba su da kuɗin hayar makaɗa, suka rungume ta. Marvin Gaye ya yi amfani da ita a 1982, Afrika Bambaataa ma haka a waƙarsa Planet Rock ta wannan shekara. Dirin nan mai girgiza ƙofar mota da ake ji a waƙoƙin zamani, har da na matasan Kano masu salon hip-hop, jikanta ne.

A Jamaika abin ya fi kama da na Kano. A tsakiyar shekarun 1980 wasu matasa suka danna wani kiɗa da ke ajiye a cikin ƙaramin fiyanon Casio MT-40, abin da mutane da yawa ke ɗauka kayan wasan yara. Wata matashiya 'yar Japan, Okuda Hiroko, ita ta tsara kiɗan a kamfanin. Wayne Smith ya hau shi da waƙa a situdiyon King Jammy, aka samu Under Mi Sleng Teng, sai mawaƙa ɗaruruwa suka bi sahu a kan wannan kiɗa ɗaya. Cikin ɗan lokaci situdiyoyin Kingston suka rage kiran masu ganga da masu jita.

Ko a maƙwabta an riga Kano. A Yamai, Mamman Sani ya naɗi kaset a 1978 da wani fiyanon lantarki ƙirar Italiya mai suna Orla, kiɗa zalla babu waƙa. Shekara da shekaru rediyo da talabijin na Nijar suna sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye, sai da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da kaset ɗin a 2013 sannan duniya ta san sunansa.

Yadda ya shigo Kano

Fim ɗin bidiyo na Hausa ya fara tashe a Kano da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990. A shekarun farko, kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya bi diddigi a rubuce-rubucensa, da ɗan ƙaramin Casio ake lallaɓawa. Daga baya situdiyon Iyan-Tama ya kawo fiyanon Yamaha, ya fara da PSR-220, sannan PSR-730. Da wannan na biyun aka yi waƙar fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya a 1999, wanda Ali Nuhu da Fati Mohammed suka fito a ciki. Waƙar ta riga fim ɗin shiga gari, ta cika shagunan kaset da motocin haya, daga nan duk mai shirya fim ya gane inda kuɗi yake.

A wannan shekara ta 1999, ranar 18 ga Yuni, Alhaji Mamman Shata ya rasu a Kano. Ba wanda ya shirya haka, amma shekarar da kalangu ya rasa babban ubangidansa ita ce shekarar da fiyano ya hau gadon.

An daɗe ana zargin mawaƙan fim da kwaikwayon Indiya, kuma zargin yana da tushe. Mutanen Kano sun sha finafinan Indiya a Plaza da Orion da Marhaba da Wapa shekaru aru-aru kafin a san bidiyo, kunne ya riga ya jiƙu. Sai dai akwai wani ɓangare da ba a cika faɗa ba, wato abin da na'urar kanta ta zo da shi. A 1991 kamfanonin ƙera kayan kiɗa suka amince da jerin muryoyi 128 da ya kamata a samu a irin waɗannan na'urori, tsarin da ake kira General MIDI. A rukunin kayan gargajiya na wannan jeri akwai guda takwas: sitar da shanai na Indiya, koto da shamisen na Japan, banjo, da gogen Turawa, da mabusar salka irin ta mutanen Scotland, sai kalimba, ɗan akwatin nan mai harsunan ƙarfe da ake kaɗawa da babban yatsa. Kason Afirka a rukunin ke nan. Babu kukuma, babu gurmi, babu garaya, babu algaita.

To yaron da ya zauna gaban fiyano a Fagge ko Gwale yana son sautin gida, me zai yi? Sai ya laluba. Ya ɗauki muryar mabusar Turawa ya mai da ita sarewa, ya ɗauki shanai, wadda dama 'yar uwar algaita ce, ya tsayar da ita a gurbin algaita, ya tattaro gangunan Latin Amurka ya jera su har su ba da wani abu mai kama da kalangu. Wannan basira ce, kuma ya kamata a yaba. Mafi yawan waɗannan makaɗa ba su shiga ajin kiɗa ba, da kunne suka koya, wani a bayan wani. Amma duk basirar mai girki, abin da ke cikin kwando shi zai dafa.

Kamfanin Yamaha ya san cewa kowace al'umma tana son jin kanta. Shi ya sa ya ƙera wa Indiya nata fiyano, irin su PSR-I455 da PSR-I500, masu ɗauke da tabla da sauran kayansu. Ya ƙera wa Larabawa da Turkawa da Iraniyawa jerin PSR-A, mai maɓallan da ake sassauta sauti da su ya dace da karin waƙoƙinsu. Babu irin wannan na Hausa, duk da miliyoyin masu jin harshen daga Kano har Agadas da Kumasi.

Abin da ya kawo

Wanda zai yi adalci dole ya faɗi alherin fiyano. A da kiɗa gado ne. Ɗan makaɗi ne ke kiɗa, kuma sana'ar tana tafe da wani tabo: ana son waƙar, ana raina mai ita, wasu gidajen ba sa ba shi aure. Fiyano ya rushe wannan katanga. Ɗan malam da ɗan kasuwa da ɗan boko suka shiga waƙa ba tare da an kira su maroƙa ba. Aminu Ladan Abubakar, Alan Waƙa, marubucin littattafai ne kafin ya yi suna a waƙa. Mata irin su Fati Nijar sun samu sana'a a cikin ɗakin naɗar murya, ba sai sun tsaya a dandali ba.

Akwai kuma lissafin aljihu. Ƙungiyar makaɗan kalangu mutum nawa ce? Ga mai babban kalangu, ga mai ɗan karɓi, ga mai kuntuku, ga 'yan amshi, ga sanƙira. Duk sai an ciyar da su, an sallame su. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 uban amarya a ƙauye yake ƙirga kowace naira, kuma ko da kuɗin man janareta, DJ ɗaya ya fi masa sauƙi. Ga wani abin da ba a son faɗa a fili: magidanta da yawa sun gaji da roƙo. Sifika ba ta tsare mutum a bainar jama'a ta yi ta kiran sunan kakansa har sai ya zaro kuɗin da ya ajiye na taki, kuma ba ta yi masa zambo in ya hana.

Saboda haka manomin da ya ɗauko DJ bai yi laifi ba. In kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja.

Ganga mai magana

Amma akwai abin da ya salwanta a wannan canji, kuma ba ƙarami ba ne.

Hausa harshe ne mai karin sauti. Kuka na hawaye da kuka ta miya haruffansu ɗaya, hawa da saukar murya ne ke raba su. Haka wuya na jiki da wuya ta wahala. An ƙera kalangu ne a kan wannan ɗabi'a ta harshe. Fata biyu ce a bakuna biyu, tsarkiya ta haɗa su. Makaɗi ya rataya shi a hammata, in ya matse sai fata ta ɗaure sauti ya hau, in ya saki sai ya sauka, kuma yana iya matsawa bayan ya buga, sautin ya lanƙwasa a tsakiya kamar yadda murya ke yi. Da wannan yake furta jimla. Wanda ya tashi a wurin yana jin abin da ganga ke cewa kamar da baki aka faɗa.

Daga nan take ya samo asali. Sarki yana da takensa, mahauta suna da nasu, maƙera suna da nasu, ɗan dambe yana da nasa, fitaccen manomi ma haka. Mutum yana cikin gida zai ji an buga takensa a ƙofar gari ya san da shi ake. A yankin da ake magana a kai, inda taki da ƙarfin damtse ke riƙe da gonar da ake nomawa kowace shekara ba hutu, gangar noma ba ado ba ce. Ranar gayya makaɗi yana bin bayan samari kunya-kunya, yana kallon wanda ya fara sanyi ya buga masa taken ubansa, sai ka ga garma ta ƙara sauri. Da idonsa yake kiɗan kamar yadda yake yi da hannunsa.

Wannan shi ne abin da na'ura ba ta yi. Bugun da ke cikin fiyano, ko da an rubuta masa suna ganga mai magana, hoton bugu ɗaya ne da aka ɗauka aka daskarar. Ana iya ɗaga shi ko a sauke shi da maɓalli, amma ba ya matsa tsarkiya. Saurinsa kuma lamba ce da aka saita, ba ta gaba ba ta baya. Mai kalangu yana bin ƙafar mai rawa, in ta gaji ya sassauta, in ta ɗauki zafi ya bi ta. A gaban sifika kuwa mai rawa ce ke bin na'ura. DJ na iya kama makirfo ya yi ta kiran sunan amarya da ƙawayenta, amma kiɗan da ya sa mata shi ya sa wa amaryar jiya a wani gari, shi zai sa wa ta gobe.

Ta fuskar murya ma haka abin yake. Mai goge ko gurmi yana ɗaure tsirkiyarsa daidai da maƙogwaron mai waƙa. Fiyano yana da matakai goma sha biyu da aka yanka masa tun daga masana'anta, mawaƙi ne zai daidaita kansa da su. In ya kauce, manhajar Auto-Tune, wadda ta fito a 1997, sai ta jawo muryar ta ɗora a kan matakin. Shi ya sa muryoyi suka yi ta kama da juna. A da kafin mawaƙi ya buɗe baki an san ko wane ne: kalangun Shata daban, kotson Musa Ɗanƙwairo daban, kuntigin Ɗan Maraya Jos daban, gurmin Haruna Uji daban, ƙwaryar Barmani Choge daban. Yau mutum zai saurari waƙa biyar a jere a shagon mai tura waƙoƙi a memori, sai an faɗi suna a cikin baiti zai gane an canja mawaƙi.

Ba a ce kayan gargajiya sun mutu ba. Fada tana riƙe da tambari da kakaki da algaita, duk wanda ya ga hawan Sallah ya shaida. Gidajen dambe suna riƙe da kalangu. Mawaƙa irin su Naziru M. Ahmad da Alan Waƙa kan jawo sautin gargajiya, musamman a waƙoƙin sarauta, Nasiru Garba Supa kuma yana kan gadon mahaifinsa. Wanda ba shi da madafa shi ne makaɗin ƙauye, da ba shi da fada, ba shi da situdiyo. Gayya ta ja baya, maganin feshi da 'yan ƙwadago sun karɓi aikinta. Dandalin 'yan mata ya koma cikin waya. Biki ya tafi wurin DJ. Ɗansa yana kallon wannan duka, kuma ba a yi masa adalci ba in aka zarge shi don ya zaɓi acaba ko cirani.

Abin dariya, abin takaici, a daidai wannan lokaci ne 'yan birni suka ƙirƙiro ranar ƙauyawa a bukukuwansu, a ɗaura zane a ɗauki ƙwarya a yi shigar ƙauye, bikin da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta haramta a 2025. Birni yana wasan kwaikwayon ƙauye da kiɗan fiyano, ƙauye yana hayar sifika don ya yi kama da birni, mai kalangu bai samu shiga ko ɗaya ba.

Na'urar da ta kore shi za ta iya ɗaukar muryarsa

A nan ne na'urar naɗar samfurin sauti ta shigo, irin aikin da MPC ta shahara da shi. Abin da a da sai mai kuɗi, yau kowace kwamfuta mai FL Studio tana yi. Manyan fiyanon Yamaha na yanzu ma suna karɓar ƙarin muryoyi daga waje, a zuba su ta filashi. Wato babu sauran wani shinge na fasaha da zai hana makaɗin situdiyo a Kano buɗe jaka a kwamfutarsa ya tarar da kalangu na gaske, da kotso, da kurya, da gangar noma, da duma, da kukuma, kowane da bugunsa iri-iri, a matse da a sake, da ƙarfi da a hankali. Abin da ya rage kawai a je a naɗo.

An yi wani ɓangare na aikin adanawa, amma ba wannan ba. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da ɗalibansa sun tattara matanin waƙoƙin baka da tarihin makaɗa a littattafai. David Ames da Anthony King sun jera sunayen kayan kiɗan Hausa da muhallansu a ƙamus ɗinsu na 1971. Gidajen rediyon Kano da Kaduna sun naɗi waƙoƙi da yawa. Sai dai takarda kalmomi take riƙewa, tsohon faifai kuma ya cakuɗa ganga da murya da amshi a wuri ɗaya, ba a iya zare ɗaya a bar saura cikin tsabta. Abin da ake buƙata shi ne ganga ita kaɗai, a ɗaki mai shiru, da makirfo mai kyau, sannan a naɗi take cikakke, jimla-jimla, a rubuta abin da kowanne ke cewa da wanda ake yi wa.

Kada a yaudari kai, samfur ba zai maye gurbin hannu ba. Bugun da aka naɗa shi ma daskararre ne. Amfaninsa biyu ne. Na farko, abin da aka naɗa ba ya bin mai shi kabari. Na biyu, kunnen yaran da suka tashi da fiyano zai sake sabawa da sautin fata, kuma furodusan da ya ɗanɗana samfur ya ga bai ishe shi ba, shi ne zai aika a kira masa mai kalangun da kansa ya biya shi kuɗin zama.

Akwai haɗari, kuma an ga irinsa. A 1969 wata ƙungiyar Amurka mai suna The Winstons ta fitar da wani kiɗa, Amen, Brother. A tsakiyarsa mai gangarsu, Gregory Coleman, ya yi bugu shi kaɗai na daƙiƙa shida zuwa bakwai. Da na'urorin samfur suka zo, sai aka yanki wannan ɗan guntu aka gina dubban waƙoƙi a kansa a Amurka da Ingila. Coleman ya rasu a 2006 bai karɓi ko sisi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk wanda ya ɗauki waya ya je ƙauye ya naɗi tsoho, ya ba shi kuɗin goro, ya dawo yana sayar da sautin a intanet da sunansa, abin da ya yi ke nan. Kamfanonin waje masu sayar da jakunkunan sautin Afirka suna nan, kuma ranar da suka waiwayo ƙasar Hausa ba za su jira izinin kowa ba in ba su tarar da tsari ba.

Don haka sharaɗin aikin ya zama a rubuce tun farko. Kowane sauti ya tafi da sunan makaɗinsa da garinsa da gidan da ya gada. A biya shi ranar naɗi, kuɗin aiki ba na goro ba. In an sayar da jakar, ya samu kaso, in ya rasu magadansa su samu. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta tanadi kariya ga al'adun gargajiya har da kiɗa, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ce ke kula da wannan sashe. Doka tana nan, mai ɗaga ta ake nema.

Masu aikin ma ba sai an ƙirƙiro su ba. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano aikinta ke nan tun asali. Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin harsunan Najeriya da hikimomin al'umma, da ɗaliban Hausa da ke neman abin rubuta kundi kowace shekara. Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai koyar da fasaha tana Bichi, a tsakiyar yankin. Hakimai da dagatai sun san gidan kowane Sarkin Makaɗa a ƙasarsu, ba sai an yi cigiya ba. Hukumar Tace Finafinai kuwa, wadda ke yi wa mawaƙa da situdiyo rajista tana karɓar kuɗi, ya kamata a san ta da wani abu bayan hani da dakatarwa. Su ma manyan mawaƙan da fiyano ya azurta, musamman masu waƙar siyasa da kakarsu ke ƙaratowa gabanin zaɓen 2027, abin da ake kashewa a bidiyon waƙa ɗaya zai naɗi makaɗan ƙaramar hukuma guda.

Za a samu masu cewa kiɗa gaba ɗayansa abin ƙi ne, bai cancanci kuɗin gwamnati ba. Wannan saɓani ne tsoho tsakanin malamai, kuma ba a shafin jarida za a warware shi ba. Amma koken da dattawa da 'yan Hisba ke yi a yau a kan kiɗan DJ ne, da raba dare da cakuɗuwar maza da mata. Adana taken manoma da na maƙera bai ƙara ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma yaran suna sauraron kiɗa a wayoyinsu ko an adana ko ba a adana ba.

Lokacin aikin shi ne rani. Makaɗin ƙauye manomi ne, da damina ba a samunsa, kuma danshi yana sa fata ta saki, sautin ya dushe. Da hunturu ne fata ke bushewa ta ɗaure, kalangu ya yi magana tangaran. Ana buƙatar ɗaki nesa da injin niƙa da janareta, da makirfo biyu ko uku, da batirin sola, da mutum ɗaya mai jin yaren ganga da zai zauna kusa yana fassarawa. In an je, a tambayi wanda ke sassaƙa icen da wanda ke jeme fatar, a naɗi bayaninsu su ma, domin a garuruwa da yawa ba su fi mutum ɗaya ko biyu ba.